Ɗaya a Zuba, Ɗaya a Haɗiye

Litinin, bayan la'asar

Allurar keke ta shige min yatsa yau. Manuniyar dama, ta kan farce ta shiga ta ɓullo ta ƙasa. Zare ne ya harɗe, na sa hannu in ciro, ƙafata kuwa ta yi gaban kanta ta taka feda. Shekara da shekaru ina ɗinki ban taɓa yin wannan sakarcin ba, sai yau da kayan makaranta suka cika min shago har kan bencin baƙi.

Gajere, telan da shagonsa ke jikin nawa, shi ya juya kan keken da hannu allurar ta fito. Yana yi yana dariya, wai sai yau na zama cikakkiyar tela, da can duk koyo nake. Na ce in ya gama wa'azin ya miƙo min ƙyalle.

An yi min yadda ake yi a layinmu. Duk telan da allura ta soka, a ɗiga masa man keke, a buɗe kafso ja-da-yalo a zazzage garin a bakin ciwon, sannan ya kora wani da ruwa. Ɗaya a zuba, ɗaya a haɗiye. Babu durowar keken da za ka jawo a layin nan ba ka tarar da kafso kwance cikin maɓallai da kwarkwaro ba. Nawa ragowar na wata mura ce da na yi kwanaki. Na ɗaure yatsa na koma kan aiki, don Shugabar makaranta ba ta san wani abu wai shi uzuri ba.

Laraba, da safe

Yana zogi kaɗan. Na ƙara ɗaya. Ba komai ba ne.

Alhamis, da hantsi

Ya lafa jiya, shi ya sa ban sha ba. Mutum yana lafiya ƙalau me zai sa ya yi ta ɗura wa cikinsa magani? Na gama hannayen riguna, saura kwala da aljihu.

Asabar, da yamma

Ya dawo, kuma da fushi ya dawo. Kan yatsan ya yi suntum yana sheƙi, in na sauke hannu ƙasa sai in ji kamar zuciyata ta koma can tana bugawa. Yini na yi ina ɗinki da yatsa a sama kamar mai neman izinin magana a aji. Gajere ya leƙo ya ce, "Tela, wa kike yi wa kashedi tun safe?"

Ban yi dariya ba. Na buɗe durowa na tarar saura ɗaya, na haɗiye.

Inna, uwar Maigida, ta kama hannun ta kai shi dab da idonta, ta ce ɗan kakkarai ne, ciwon yatsan nan mai hana barci. Ta ce, "'Yar nan, ko me za a yi kar ki yarda a sa masa ƙarfe. Nuna zai yi ya fashe da kansa." Maigida yana hanya da babbar mota, na ce masa a waya allura ce ta ɗan taɓa ni.

Litinin, da azahar

Na je asibitin unguwa. Ban so ba, rashin barci ne ya kai ni.

Benci biyu, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole, yara na tari ta ko'ina. A bango an manna hoton kafso an ja masa jan layi, har da rubutu wai ba kowane ciwo yake warkarwa ba. Matar da ke gefena ta bi hoton da harara. Ta ce makon jiya ta kawo ɗanta da mura, Malamar asibitin nan ta ce a ba shi ruwa da yawa da maganin zazzaɓi, ya huta.

"Ruwa fa! Ruwa na zo nema? Na baro shi cike da randa."

Wata ta ce ai rowar magani gare ta, wanda ya riga ta a wurin ba ka fita hannu rabbana, ko ciwon kai ka kawo sai ya haɗa maka da kafso. Na ce Allah Ya jiƙan maza, duk muka yi dariya.

Da na shiga, Malamar ta kwance ƙyallen a hankali. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ga garin rawaya ya daskare a bakin ciwon, ta ɗago ta dube ni.

"Anti, me kika zuba?"

Na faɗa mata, har da ɗan alfahari.

"Kin sha kuma?"

"Na sha mana."

"Na kwana nawa?"

"Har ya lafa."

Ta ce mugunya ta taru a ciki ba ta da ƙofar fita, ko buhun kafso na haɗiye ba zai kai wurin ba. Sai an kashe wurin da allura an ɗan tsaga an fitar, sannan ta rubuta min maganin da ya dace, in shanye shi tas ko na ji sauƙi. Kuma ba ɗinki har ya kame.

Ba ɗinki. Ita dai ta faɗa ne kawai, ba ita za ta haɗa ido da Shugaba ba.

Ta ce bari ta fara yi min allurar rigakafin tsatsa tunda ƙarfe ne ya soke ni. Wannan kam na miƙa hannu da sauri, allura ai ita ce magani. Da ta juya tana jera almakashi da auduga a faranti, na ce zan ɗan zaga bayan gida. Ban tsaya ba sai shago.

Litinin, da magariba

Na samu allura dai. Ai ba a banza na je ba.

Talata, bayan la'asar

Na biya wurin mai kemis na bakin titi, wanda kowa ke kira Dokta. Shi bai ko ce in kwance ba, daga nesa ya duba ya girgiza kai.

"Hajiya, ja-da-yalo ya yi wa wannan kaɗan. Sai babban yaya."

Hajiyar da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba, amma na ji daɗi. Ya ɗauko wani ja-da-baƙi, ya haɗa da wata farar ƙwaya ƙatuwa, ya ce wannan ko ƙaho ne a yatsan sai ya narke. Ya ce na mako guda ne. Na ce ya ba ni rabi in gani tukuna, in ya karɓe ni in dawo. Bai musa ba. Abin da nake so da shi ke nan, yana sauraron mutum, ba ya sa ka ji kamar ka yi laifi don ka yi ciwo.

Alhamis, da safe

Ban runtsa ba. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na ɗaga shi, na sauke shi, na danne shi da matashi. Na share tsakar gida da hagu tun kafin gari ya gama wayewa don dai in samu abin yi. Inna tana jina tana ta tari.

Biro ma da babban yatsa da na tsakiya nake riƙe shi, rubutun ya koma kamar tafiyar kaza.

Asabar, da hantsi

Alhamdu lillahi! Zogin ya tafi, ɗif, kamar an ɗauke wuta. Na yi barci har Inna ta tashe ni.

Na shiga layi ina rangaji, na tsaya ƙofar Gajere na ce ya fito ya ga aikin babban yaya. Ya ce shi dama ya sani, asibiti sai dai su yanka mutum kamar yadi. Na ɗinka kwala har hannuna ya gaji. Da na bi ta Malama da yanzu ina gida da bandeji ina ƙirga rufin ɗaki.

Sauran maganin na ba Inna saboda tarin nan nata. Abu ya yi min rana, ita ma ta samu albarkarsa.

Lahadi, da yamma

Kan ya ɗan yi duhu. Man keke ne.

Litinin, da azahar

Na wanke da sabulu bai fita ba. Ba komai ba ne, jini ne ya kwanta.

Ina tura yadi ƙarƙashin allura sai na ga ya karkace, ban ji lokacin da ya zame ba. Sau uku ina farke aljihu ɗaya. Na rufe ƙofar shago, na ɗauki fil na ɗan taɓa kan yatsan. Na ƙara dannawa. Na mayar da fil ɗin cikin gwangwani na buɗe ƙofa.

Talata, da safe

Gobe zan koma wurin Malama.

Laraba, da safe

Da wane ido? Matar da ta tafi bayan gida tun makon jiya.

Na koma wurin Dokta. Wannan karon na kwance masa. Ya ja da baya kaɗan, ya ce in mayar in ɗaure. Ya yi min allura a ɗuwawu, ya ba ni wani kore-da-fari, ya ce in bai yi ba nan da jibi in gwada asibiti. Bai kira ni Hajiya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Shugaba ta aiko a tambaya. Na ce Asabar.

Inna ta ce a duba bayan buhun gawayi, kamar ɓera ya mutu a gidan nan. Na ce to. Na duba mata har ƙarƙashin gado, na kunna turare, na koma ɗaki na ƙara ƙyalle a kan na da.

Sanyi nake ji cikin wannan zafin. Kaluluwa ta fito min a hammata.

Juma'a, da yamma

Maigida ya dawo. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce, "Ke, mene ne wannan a hannunki kamar kan tabarya?"

Na ce allurar nan ce. Ya ce in kwance. Na ce abinci zai huce. Ya kama hannun da kansa, yana warware ƙyallen ina kallon bango. Da ya kai na ƙarshe sai na ji ya ce innalillahi, can ƙasa-ƙasa, irin yadda yake yi in ya wuce hatsari a hanya. Ya ja hannun rigata sama, ya bi wani jan layi da yatsa daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Ni ban ma lura da shi ba, ko kuma na lura.

Mutumin nan da ba ya ɗaga murya, yau har maƙwabta sun ji. Ya ce shi da yake kwana a titi saboda mu, ashe ƙarya ake shirga masa a waya. Inna ta fito tana cewa ai nuna yake yi. Ya ce, "Inna, don girman Allah ki duba da kyau." Ta kai idonta kusa, ta daɗe, sai ta saki hannun ta koma ɗaki.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani.

Asabar, da hantsi

Na shirya amsoshi tun daga gida, na san abin da zan ce in ta ce ina na shiga. Ba ta tambaya ba. Ta kwance, ta duba, ta taɓa goshina, ta ce, "Sannu Anti, kin sha wuya." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta ce in faɗa mata duk abin da na sha. Na lissafo da launi, tunda ban san sunayensu ba. Tana rubutawa tana cije leɓe. Ta ce abin ya wuce nan, yau ɗin nan mu tafi babban asibiti, kar mu biya ko'ina.

Na ce, "Malama, yanzu ki tsaga ɗin mana, na yarda."

Ta ce, "Anti, wancan makon ne ake tsagawa."

A benci wata tana ta mita an hana ta kafso don gudawar ɗanta. Ta tambaye ni ko ni an ba ni. Na ce mata ni na ƙoshi.

Talata, da azahar

Ɗakin mata, gado na kusa da taga. An sa min roba a jijiyar hagu, ta nan ake ɗura magani safe da yamma. An ɗauki hoton hannun, an ɗebi mugunya an kai ɗakin gwaji. Zazzaɓi ya sauka. Jan layin ya fara ja da baya.

Zama ne ba na iyawa. Na gyara zanen gado, na sake gyarawa. Labulen tagar nan duk wanda ya kalmashe bakinsa Allah Ya shirye shi, ɗinkin ya tafi kamar maciji. Ina kwance ina farke shi da ido.

Laraba, bayan la'asar

Likita ya zo da sakamako. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana magana yana kallon mutum cikin ido. Ya ce ƙwayar cutar da ke yatsana ta saba da ja-da-yalo, ta saba da ja-da-baƙi, duk ta daina jin su. Wai in ana shan magani ana ajiyewa, ana sha ba a kan dalili ba, masu taurin kai ne ke saura su hayayyafa, kuma su ne ke yawo tsakanin mutane.

Na ce to a ba ni wanda ba ta saba da shi ba.

Ya ce shi ake ba ni, shi ya sa hannun zai tsira. Ya nuna min hoton a jikin taga, ya zagaye wani wuri da bayan biro, ya ce ƙashin ya taɓu, kuma naman da ya mutu babu maganin da ke tashinsa. Daga nan ya faɗi abin da ya faɗa: sai an yanke.

Na ce ranar da zogin ya tafi fa, ai sauƙi na samu. Ya girgiza kai a hankali, ya ce ranar ce naman ya mutu.

Na ce masa ni tela ce. Ya ce Maigida ya faɗa masa.

Alhamis, da safe

A'a.

Alhamis, da yamma

'Yan layinmu sun zo dubiya, sun cika bakin gado da lemo da surutu. Gajere ya kwashe kayan makarantar tun Litinin, shi da mai ɗinkin labule sun raba, har an kai wa Shugaba. Ya ce kwalata ta fi tasa kyau amma kar in faɗa wa kowa. Na yi ta godiya.

Sai aka shiga fatawa. Wannan ya ce kafson yanzu ne jabu, na da guda ɗaya ke kayar da ciwo. Wancan ya ce kuskurena da ban haɗa biyu-biyu ba. Mai ɗinkin labule ta ce allurar da Malama ta yi min ce ta tayar da shi, ciwo ba ya son a haɗa masa hannu biyu. Gajere ya nuna tabonsa har uku, ya ce duk ɗaya a zuba ɗaya a haɗiye ne, ga shi garau.

Gaskiya ya faɗa, na ga lokacin da aka yi biyu daga ciki. Abin da ke cina ke nan tun da suka tafi. Tun ina yarinya kafso bai taɓa ba ni kunya ba, mura, ciwon ciki, ƙurji, miki. To shi ne yake warkar da ni, ko dama can ciwukan tafiya za su yi ya raka su bakin ƙofa? Na juya tambayar nan har kaina ya yi zafi. Babu wanda zan yi wa ita a layinmu bai ce asibiti sun juya min kai ba.

Da za su fita Gajere ya dawo da baya, ya rage murya.

"Tela, kar ki bari su yi miki gaggawa. Akwai wani sabo da ya shigo, an ce ko ƙashi yana bi."

Na ce ya bari zan yi tunani. Kuma wallahi na yi tunanin, har na ɗauki waya.

Juma'a, da hantsi

An zo wankin ciwo. Kullum kawar da kai nake, yau na duba.

Ba yatsana ba ne wannan. Nawa na san shi, yana da kanta a gefe inda almakashi ke zama, shi ke jin yadi ya gaya min na kirki ne ko na banza tun kafin mai shi ya buɗe baki.

Maigida yana tsaye bakin ƙofa da fulas a hannu. Na ce ya je ya gaya wa likita na yarda.

Asabar, da safe

Sun ce kar in ci komai. Dama wa ke jin yunwa.

Talata

An yi. Gaɓa biyu aka cire.

Alhamis, da yamma

Yana min ƙaiƙayi a farce. Na kai hannu in sosa.

Litinin, da azahar

Gida. An sallame ni da magani, nas ta ce in shanye har ƙwayar ƙarshe. Jiya Inna ta ga na ji sauƙi ta ce in rage kaɗan saboda wata rana. Na ce a'a. Ta ce to. Tarinta yana nan, Maigida zai kai ta wurin Malama gobe, tana ta cewa ruwa za a ce ta sha.

Ban je shago ba. Na ce sai an cire zare.

Laraba, da hantsi

Maɓallin rigar Maigida ya tsinke zai fita. Ya ce bari ya sa wata, na ce kawo nan, maɓalli ɗaya har sai an yi shawara? Ya ajiye ya fita da wata ɗin dai.

Na zauna bakin ƙofa inda haske yake. Allura a hagu, zare tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Na lashi bakin zaren na kai, ya wuce ta gefe. Na sake, ya lanƙwashe. Na yanke bakin da almakashi na sake. Ramin ina ganinsa sarai, hannun ne ke zuwa da wani yatsa da ba ya nan. Har gumi ya karyo min.

Inna tana kan tabarma tana jina. Tunda idonta ya raunana ni ke zura mata zare, ko ina tsakiyar aiki ta miƙo in zura ba tare da na ko duba ba, har in ce mata Inna wannan ai da ido rufe ma.

Na miƙa mata allurar da zaren.

Na ce, "Inna, zura min."

Ba ta kai shi ido ba, da lalube ta yi, a hankali. Ta daɗe. Da ya shiga ta ja zaren ta ƙulla bakin, ta kamo hannuna na dama ta sa min allurar a ciki, ba ta saki hannun ba.